Robert Warington: Masanin da ya haɗa kifi da tsiro a gida guda

Duk wanda ya taɓa ajiye kifin ado a akwatin gilashi, a falo ko a ofis, ya san takaicin wayar gari ya tarar ruwa ya gurɓace, kifayen da ya kashe wa kuɗi suna yawo a sama, ciki a waje. Wannan matsala daɗaɗɗiya ce, kuma ɗaya daga cikin mutanen farko da suka yi bayanin maganinta a kimiyyance shi ne Robert Warington, wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Ingila.

An haifi Warington ranar 7 ga Satumba, 1807, a garin Sheerness da ke gundumar Kent. Ya koyi haɗa sinadarai a hannun John Thomas Cooper, sannan a 1828 ya zama mataimakin Farfesa Edward Turner a sabuwar Jami'ar Landan. A 1841 shi ne ya yi ruwa ya yi tsaki wajen kafa Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Landan, ya kuma zama sakatarenta na farko. Shekara guda bayan haka ya karɓi aikin kula da haɗa magunguna a Ƙungiyar Masu Magunguna ta birnin.

A wancan zamani, mai son riƙe kifi a gida ba shi da wata dabara sai yawan canza ruwa, domin in ruwan ya kwana biyu iskar da kifi ke shaƙa takan ƙare. Masana sun riga sun san cewa tsiro, idan ya samu haske, yana zuƙe iskar da dabba ke fitarwa, ya saki oksijin. Warington ya ƙudurta gwada ko wannan musaya za ta iya riƙe rai a cikin ruwan da ba a canzawa.

A 1849 ya samo babban tulun gilashi mai cin galan 12, wato kimanin lita 55, ya zuba ruwa zuwa rabinsa. Ya shimfiɗa yashi da laka a ƙasa, ya jera duwatsu yadda kifi zai samu wurin fakewa. Daga nan ya dasa wani tsiron ruwa mai dogayen ganye kamar ciyawa, mai suna Vallisneria, ya danne saiwarsa da dutse don kada ya taso. Ya saka ƙananan kifayen gwal guda biyu, ya rufe bakin tulun da ƙyalle mai shara-shara domin ya tare ƙura, iska kuwa ta riƙa shiga.

Da farko komai ya tafi daidai. Amma da tsofaffin ganye suka fara ruɓewa, sai ruwa ya yi duhu, gansakuka ta lulluɓe gilashin, har lafiyar kifayen ta shiga haɗari. Warington bai zubar da ruwan ba. Ya tuna cewa a tafki akwai masu aikin share irin wannan datti, sai ya kawo dodon koɗi na ruwa guda biyar ko shida ya zuba. Suka cinye ruɓaɓɓen ganye da gansakuka, ruwa ya washe, tsiron ya yaɗu, ƙwan da dodon koɗin suka saka kuma ya zama abincin kifi.

A watan Maris na 1850 ya gabatar da sakamakon a gaban ƙungiyar da ya kafa. Abin ya zo a kan gaɓa, domin an soke harajin gilashi a Birtaniya tun 1845, farashinsa ya sauka. A 1853 Gidan Namun Daji na Landan ya buɗe ɗakin nuna kifaye ga jama'a, a 1854 kuma littafin Philip Henry Gosse ya yaɗa sha'awar a gidajen Turawan Ingila. An zaɓi Warington cikin Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Masarautar Birtaniya a 1864. Ya rasu a watan Nuwamba na 1867 a Budleigh Salterton, yana da shekara 60.

Akwai wani sashe na sirrin tulun da ya rage, kuma barewa ba ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe ba. Ɗansa, shi ma Robert Warington, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted, ya nuna cewa ƙwayoyin bakteriya ne ke sauya amoniya zuwa sinadarin da tsiro ke ci, kuma a mataki biyu suke yi. Amoniya ita ce gubar da ke fita daga kashin kifi da ragowar abinci. Saboda haka ne masu sana'ar a yau ke cewa a dasa tsirrai tukuna, a bar sabon akwati ya yi makonni har waɗannan ƙwayoyin su zauna, sannan a fara da kifi kaɗan. Wanda ya cika akwati da kifaye ranar da ya sayo shi, ya tsallake matakin da uba da ɗa suka shafe shekaru suna bayani a kai.