Paulo Freire: malamin jami'ar da wani lebura ya koya wa darasi

An haifi Paulo Freire a birnin Recife na ƙasar Brazil a 1921. Gidansu da rufin asiri, amma karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta rutsa da su, suka koma garin Jaboatão, a can mahaifinsa ya rasu a 1934. Yaron ya san yunwa, ba labari ba. Karatunsa ya ja baya, kuma daga baya ya sha bayyana cewa ba daƙiƙanci ne ya hana shi fahimta ba, ciki ne babu komai.

Lauya ya karanta a Jami'ar Recife. Aikin farko da aka ba shi shi ne karɓo bashi daga wani matashin likitan haƙori da ya ci bashi ya buɗe wurin aiki ya kasa biya. Da ya ji halin da mutumin yake ciki, sai jikinsa ya yi sanyi. Ya koma gida ya gaya wa matarsa Elza, wadda malamar firamare ce, cewa shi da aikin lauya sun raba gari.

Abin da ya fi canza shi kuwa ya faru ne a wani taron iyaye ma'aikata. Ya tashi ya zuba dogon bayani irin na 'yan boko kan illar dukan yara. Da ya gama, wani lebura ya miƙe cikin ladabi ya tambaye shi ko ya san irin gidajen da suke kwana. Ya kwatanta masa ɗan ɗakin da iyali duka ke cunkushe, ga gajiya, ga yara na kukan yunwa, sannan ya lissafa masa ɗakunan gidansa shi malam, kamar ya taɓa shiga. Freire ya nutse a kujera don kunya. Maganarsa gaskiya ce fa, amma ya yi ta ne a kan mutane, bai yi da su ba.

Daga nan tunaninsa ya tsiro. Ya soki karatun da malami ke zuba wa ɗalibi bayani kamar mai ajiya a banki, ranar jarrabawa ya zo ya cire. A ganinsa koyarwa tattaunawa ce, kuma tattaunawa ba ta yiwuwa sai malami na ƙaunar waɗanda ke gabansa, yana da tawali'u, ya yarda su ma sun san wani abu. Ba wai lallaɓa ɗalibi ko sassauta masa maki yake nufi ba.

A 1963, yana shugabantar sashen wayar da kai na Jami'ar Recife, shi da ɗaliban jami'a suka koya wa manya kimanin 300 karatu a garin Angicos cikin awa 40 na darasi, da kalmomin rayuwarsu ta yau da kullum. A lokacin wanda bai iya karatu ba ba shi da ƙuri'a a Brazil, to ka ga inda matsalar take. Sojoji na yin juyin mulki a 1964 suka tsare shi kwana 70, daga nan sai gudun hijira: Bolivia, Chile inda ya rubuta Pedagogy of the Oppressed, Jami'ar Harvard a Amurka, sai Geneva.

Ba ko'ina ya yi nasara ba. A Guinea-Bissau shirin bai yi armashi ba, domin gwamnati ta nace a koyar da Fotugis, harshen da akasarin mutanen karkara ba sa ji. Littattafansa ma, gaskiya, suna da nauyin karantawa.

Ya koma gida a 1980, ya ci gaba da koyarwa a jami'o'in jihar São Paulo, ya riƙe ofishin ilimi na birnin daga 1989 zuwa 1991. Ya rasu ranar 2 ga Mayu, 1997, yana da shekara 75.