Marigayi Bubu Hama, malamin lakwal da ya bar mana gidan tarihi na Yamai

Duk wanda Allah ya kai shi Yamai daga nan gabas, ko neman takarda, ko jinya, ko karatu, da wuya ya komo bai leƙa gidan tarihi na ƙasa ba, wanda mutanen birni ke kira Muze. In ya dawo Kelle sai ka ji yana ba da labarin zaki da dorina da kura. Amma tambaye shi ko wane ne Bubu Hama da gidan ke ɗauke da sunansa, sai ya yi shiru. To, tarihin wannan bawan Allah za mu duba a filinmu na yau.

An haifi Bubu Hama a shekarar 1906 a ƙauyen Foneko da ke yankin Tera, can yammacin ƙasarmu. Ya yi lakwal a Tera da Dori da Wagadugu, daga nan aka tura shi makarantar horon malamai ta William Ponty da ke tsibirin Gore a Senegal. A 1929 ya komo gida da takardar shaidar malanta, kuma shi ne ɗan Nijar na farko da ya same ta. Ya daɗe yana riƙe da alli, amma a lokacin da sauran ma'aikata ke gudun duk abin da Bature ya raina, shi sai ya riƙa zama gaban tsofaffi da maroka da malaman zaure yana rubuta abin da suka sani.

Wannan hali ne ya sa aka ba shi jagorancin reshen Nijar na cibiyar binciken Faransa da ake kira IFAN, daga 1954 zuwa 1957. A can ne maganar gidan tarihi ta nuna. Ya samu abokin aiki, wani Bature masanin kayan da mai suna Pablo Toucet, aka buɗe gidan a watan Disamba na 1959, tun ƙasa ba ta kai ga samun mulkin kai ba.

A nan ne muke ganin hikimarsa. A Turai gidan tarihi babban soro ne, a jera kaya cikin gilashi, a manna musu bayani, wanda bai iya karatu ba ya shiga ya fito bai ƙaru da kome ba. Su kuwa sun san jama'ar da suke yi wa aiki, galibinta ba ta taɓa zama a aji ba. Sai suka ɗauki fili na kadada 24 a tsakiyar gari, suka gina ƙananan zauruka a warwatse, kowane da abin da ke cikinsa: na tufafin gargajiya, na kayan kiɗa, na makamai, na kayan da aka tono daga ƙasa. Aka kafa gidaje irin na Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye, yadda baƙauye zai ga irin ɗakin uwarsa an ba shi daraja a babban birni. Aka zaunar da maƙera da dukawa da masaƙa suna aikinsu a gaban jama'a, suna sayarwa. Namun dajin da ake ta labari kuwa, a ganinmu, tarko ne mai kyau: yaro ya zo kallon zaki, ya tafi da sanin ƙasarsa.

Daga baya gidan ya ƙara samun abubuwan da ba a da kamarsu. Akwai ƙasusuwan dinozor, manyan dabbobin da suka ƙare tun miliyoyin shekaru, waɗanda aka tono a Gadufawa cikin jihar Agadas. Akwai kuma iccen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada yana nuna wa ayari hanya, har wani direban babbar mota ya kaɓe shi a 1973, aka ɗauko gangar jikinsa zuwa Yamai.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne tsofaffin littattafan Larabci da na ajami da ya bi gari gari yana tarawa, wasu ya saya, wasu ya sa a kwafe. Suna ajiye a cibiyar IRSH ta jami'ar Yamai, sun kai dubbai. Mu nan Kutus da Muniyo wannan magana ta shafe mu ƙwarai. Gidaje nawa ne ke da gafaka cike da rubutun kakanni, gara na ci, ruwan damina na jiƙawa? Takubba da tambura nawa dillalai suka saye da kuɗin goro? Shi kansa ya rubuta littattafai gommai, ciki har da tarihin Gobir da Sakkwato na 1967, da Kotia-Nima wanda ya ci babbar lambar adabin Afirka baƙar fata.

Sai dai ba za mu ɓoye ɗaya fuskar ba. Bubu Hama jigo ne a jam'iyyar RDA, na hannun daman shugaba Jori Hamani, kuma shi ya shugabanci majalisar dokoki daga 1958 har 1974. A zamaninsu ne aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari a 1959, aka kuma murƙushe magoya bayanta da ƙarfin tsiya a 1964. Ƙasar Damagaram tana cikin wuraren da Sawaba ta fi ƙarfi, shi ya sa har gobe akwai tsofaffinmu da in an ambaci sunansa ba littafi ke faɗo musu a rai ba.

Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Seini Kunce suka kifar da gwamnati, aka kama shi yana ɗan shekara kusan 70. Ya yi 'yan shekaru a tsare kafin a sake shi. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 29 ga Janairu 1982, kuma sai a 2008 aka sa wa gidan tarihin sunansa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.