Tanimu na Damagaram, sarkin da ya mayar da maƙera gidan igwa

Idan kuna yawan leƙa YouTube ko TikTok, kun san irin bidiyon nan da wani Ba'amurke zai shige garejinsa ya kunna inji, ya fere ƙotar bindiga ko ya gyara kunama daidai da hannun mai ita, don kawai sha'awar harbi da farauta. Da yawanmu a nan Samaru da Sabon Gari in mun gani sai mu ce ai wannan sai Turawa. To ku gyara zama, akwai sarkin da ya sa maƙeransa zuba igwa a ƙasar Hausa tun kafin Bature ya ci Zazzau.

Sunansa Tanimu ɗan Sulaiman, Sarkin Damagaram, wato Zinder ta Jamhuriyar Nijar a yau. Ba nisa ba ne, in ka bar Kano ka bi ta Daura ka tsallaka iyaka, ka kusa. Sarautar ba a sauƙaƙe ta zo masa ba. Ya yi ta ja-in-ja da ɗan'uwansa Ibrahim, ya hau ya sauka, sai a 1851 ya zauna daram, bai bar gadon ba sai da ya rasu a 1884.

Lokacin da ya hau, Damagaram tana bin Borno ne, ana kai wa Shehu Umar gaisuwa a Kukawa. Amma garin yana kan hanyar ayarin da ke ratsa Sahara zuwa Tarabulus, kuma ta nan bindigogi ke shigowa. Sarakuna da yawa sun saya. Matsalar bindigar wancan zamani, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita ce ba ta da tabbas. Ƙanƙara ta cinye, kunama ta karye, albarushi ya ƙare, shi ke nan ta zama sanda. Sabo kuma sai ka jira ayari, tafiyar watanni a kan raƙumi. Abin da Tanimu ya gane ke nan, kuma a ganina nan ya sha gaban takwarorinsa: wanda ya sayi bindiga bai iya gyara ta ko ciyar da ita ba, aro ya yi.

Sai ya juya ga mutanen zuga-zugi da masaba da uwar maƙera. A zamaninsa aka riƙa haɗa albarushi a Zinder, ana yin harsashi, har aka kai ga zuba igwa da tagulla. Ku ɗan tsaya a kan igwar nan. Babu lantarki, babu injin fere ƙarfe irin wanda ɗaliban injiniya ke gani a ABU, babu ma'aunin zafi. Da ido da gwaji maƙeri zai narka tagulla mai yawa, ya zuba ta a lokaci guda, ya kuma tabbatar ramin ciki ya miƙe. In aka bar ɗan kumfa a jikin ƙarfen, ranar harbi wanda ya kunna wutar ne zai fara shan ta. Masana tarihi sun kawo ƙiyasin cewa rundunarsa ta tara bindiga wajen 6,000 da igwa kusan 40. Ba lallai igwar ta sami abin da aka auna ba, amma ƙararta kaɗai ta isa ta firgita dawaki, kuma yaƙin lokacin na masu doki ne.

Da wannan ƙarfi ya kewaye birnin da ganuwa, wadda har yau ake ganin ragowarta a unguwar Birni, ya danne ƙananan masarautun da ke kewaye, biyayyar da ake yi wa Borno kuma ta koma kusan ta fatar baki.

Kada dai ku yi saurin sa hotonsa a status. Da me aka biya kuɗin waɗannan makamai? Akwai gashin jimina da fatu, amma babban kaya shi ne mutane. Ana kai hari ƙauye, a kamo bayi, a tura su arewa cikin hamada, a dawo da bindigar da za a sake kai wani harin. Wasu bayin ma su aka ɗora wa bindigar, aka ba wasu manyan muƙamai a fada. Mu da muke jin labarin ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari kusan kullum, ba sai an yi mana dogon bayani kan yadda rayuwa take a gefen da bakin bindiga ke kallo ba. Shi ya sa ma kalmar 'yan bindiga, da a da ke nufin masu harba adaka sama a hawan Sallah a gaban Sarkin Zazzau, yau in ka ji ta sai gabanka ya faɗi. Kuma dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko gyara ta ba da izinin hukuma ba, ko da sunan farauta ne.

Makaman Tanimu sun yi aiki bayansa. Ɗansa Ahmadu Kuran Daga, wanda ya hau a 1893, ya kawo yaƙi har kusa da birnin Kano a zamanin Sarki Alu. Shi ne kuma aka kashe hafsan Faransa, Kyaftin Cazemajou, a garinsa a 1898. A shekarar da ta biyo baya Faransawa suka dawo da bindigogin da ake sa wa harsashi ta baya, masu saurin harbi da cin nisa, aka gwabza a Tirmini, yamma da Zinder. Rundunar Damagaram ta watse a yini guda, aka shiga birnin, shekara 15 kacal bayan rasuwar Tanimu.