Nicolas Desmarest

Nicolas Desmarest (an haife shi ranar 16 ga Satumba, 1725, ya rasu a watan Satumba, 1815) masanin duwatsu da tarihin ƙasa ne ɗan ƙasar Faransa, kuma jami'in gwamnati mai duba masana'antu. An fi saninsa da binciken da ya yi a yankin Auvergne na tsakiyar Faransa, inda ya nuna cewa baƙin dutsen nan da ake kira basalt, wanda ake samu a tsaye jeri-jeri kamar ginshiƙan gini, narkakken dutse ne da ya malalo daga duwatsu masu aman wuta, ya huce, ya daskare. A zamaninsa masana da dama sun ɗauka cewa a cikin ruwa wannan dutse ya samu, kuma an shafe shekaru masu yawa ana jayayya kafin a amince da hujjarsa.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Desmarest a ƙauyen Soulaines da ke yankin Champagne, a gidan da ba su da hali sosai. Ya yi karatu a makarantar limaman Kirista na ƙungiyar Oratoire a garin Troyes, daga nan ya wuce birnin Faris, inda ya riƙa koyar da lissafi da kimiyya don ya ciyar da kansa.

Littafin Buffon kan tarihin doron ƙasa ne ya ja hankalinsa ga nazarin duwatsu. Da majalisar masana ta garin Amiens ta sa gasa kan ko Ingila da Faransa sun taɓa zama haɗe da juna kafin teku ta raba su, makalar Desmarest ce ta yi nasara, aka buga ta a shekarar 1753. Wannan makala ta sa ya san manyan masanan Faris, ciki har da d'Alembert, ɗaya daga cikin editocin babban kundin ilimi na Encyclopédie. Desmarest ya rubuta wa kundin makala kan maɓuɓɓugan ruwa da wata kan yanayin doron ƙasa, waɗanda suka fito a kundi na bakwai a 1757.

Aikin gwamnati

Abincinsa a aikin duba masana'antu yake, binciken duwatsu kuwa a gefe yake yin sa. Ya yi aiki a lardin Limoges a lokacin da Turgot yake shugabancin lardin, daga baya aka mayar da shi yankin Champagne. Aikinsa shi ne zagaya masaƙu da wuraren yin takarda, ya ga yadda suke aiki, ya ba da shawarar gyara. Ya je ƙasar Holan a 1768 da 1777 don ya ga yadda suke sarrafa takarda, ya kuma taimaka wajen shigo da dabarunsu Faransa. A 1788 aka naɗa shi babban sufeton masana'antu na ƙasar.

Wannan aiki ya saba masa da tafiya da kuma duba abu da idonsa kafin ya yi magana a kai. An san shi da yawo a ƙafa, guzurinsa bai wuce burodi da cuku ba, yakan kuma kwana a bukkokin makiyaya idan dare ya yi masa a kan tsauni.

Matsalar ginshiƙan basalt

Tun kafin Desmarest, Turawa sun san wuraren da basalt yake tsaye a siffar ginshiƙai. A 1546 Georgius Agricola ya yi amfani da sunan basalt ga ginshiƙan da ke Stolpen a yankin Saxony na Jamus. Wanda ya fi shahara shi ne Giant's Causeway a gaɓar tekun arewacin Ailan, mai ginshiƙai kusan 40,000 manne da juna, yawancinsu masu gefe shida. Saboda daidaiton siffarsu, masana da yawa sun ɗauke su manyan ƙwayoyin kiristal ne da suka haɗu a cikin ruwa, kamar yadda gishiri yake ƙanƙarewa idan ruwansa ya ƙafe. Abin da ya ƙarfafa wannan zato shi ne babu dutse mai aman wuta a kusa da Stolpen ko Giant's Causeway.

A 1751 wani masani Bafaranshe, Jean-Étienne Guettard, ya gane cewa tsaunukan Auvergne duwatsu ne masu aman wuta da suka mutu tun da daɗewa. Duk da haka Guettard bai danganta ginshiƙan basalt da su ba, ya ci gaba da ɗaukarsu a matsayin abin da ruwa ya samar.

Binciken Auvergne

Desmarest ya fara zuwa Auvergne a 1763. A kan hanyarsa daga garin Clermont zuwa tsaunin Puy de Dôme, yana hawan tudun Prudelle, sai ya ga guntayen ginshiƙan baƙin dutse sun faɗo gefen hanya. Ya bi sawunsu zuwa sama har ya iske inda suka ɓalle, wato wani gefen tudu da irin waɗannan ginshiƙai suke tsaye a jere. Da ya duba gindinsu, sai ya tarar suna zaune a kan ƙonanniyar ƙasa da tsakuwa mai huji-huji irin wadda dutse mai aman wuta yake fitarwa. A ƙarƙashin wannan kuma akwai dutsen giranit, wanda shi ne tushen ƙasar yankin.

Daga nan ya riƙa bin shimfiɗar dutsen a ƙafa, ya ga cewa ginshiƙan ɓangare ne na malalar narkakken dutse da ta daskare, wadda ana iya bin ta har zuwa inda ta fito. Ya sami irin haka a wurare da dama, har a yankin tsaunukan Mont-Dore.

Desmarest bai je Ailan ba. Ya san Giant's Causeway ne ta hotunan da wata mai zane 'yar Ailan, Susanna Drury, ta zana, waɗanda François Vivares ya sassaƙa aka buga. Hotunan sun fito da siffar ginshiƙan da gaɓoɓinsu dalla-dalla, har Desmarest ya iya gwada su da na Auvergne. Ya yanke cewa asalinsu ɗaya ne, ke nan arewacin Ailan ma ya taɓa ganin aman wuta, ko da yake babu sauran bakin dutsen da ya yi aman.

Ya gabatar da wannan ra'ayi ga Majalisar Masana Kimiyya ta Faris a 1765. A wannan shekara ya tafi Italiya tare da mai ɗaukar nauyinsa, basarake La Rochefoucauld, ya ga yankunan aman wuta na can, ya dawo a 1766. Taƙaitaccen bayanin bincikensa ya fito a kundin hotuna na Encyclopédie a 1768. Cikakkiyar makalarsa kuwa ya gabatar da ita a 1771, shekarar da ya zama ɗan majalisar, aka buga ta a 1774 tare da taswirar Auvergne da ya tsara da taimakon injiniyan taswira François Pasumot. Taswirar ta nuna bakunan duwatsun da hanyar da kowace malala ta bi, kuma tana cikin taswirorin farko na irinta.

Zamani uku na aman wuta

Tambayar da ta rage ita ce, idan basalt daga aman wuta yake, ina duwatsun da suka amayar da shi a wurare irin su Saxony? Desmarest ya ba da amsa a wata makala da ya gabatar a 1775, wadda cikakkenta bai fito ba sai 1806. Ya kasa duwatsun Auvergne zamani uku.

A zamani mafi kusa, bakin dutsen yana nan da siffarsa, malalar kuma tana kwance a cikin kwarurukan da ake gani a yau. A zamani na tsakiya, ruwan sama da rafuka sun cinye bakin dutsen, sun yanka malalar gunduwa-gunduwa, ta yadda abin da ya taɓa zama gindin kwari ya koma hular tudu, saboda basalt ya fi ƙasar da ke kewaye da shi tauri. A zamani mafi tsufa kuma, basalt ɗin yana ƙarƙashin shimfiɗun duwatsun da ruwa ya ajiye daga baya, ko a tsakaninsu.

Da wannan ya nuna cewa tudu mai hular basalt da ke tsaye shi kaɗai saura ne na tsohuwar malala. Ya kuma nuna cewa rafukan da ke gudana a kwaruruka su ne suka haƙa kwarurukan a hankali, abin da ke bukatar lokaci mai tsawo ƙwarai.

Yadda ginshiƙan suke samuwa

Binciken da aka yi bayan Desmarest, ciki har da na injiniya Robert Mallet a 1875, ya fayyace yadda siffar take fitowa. Narkakken basalt yana malalowa da zafin da ya kai digiri 1,100 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya taru da kauri, misali a cikin kwari, samansa da ƙasansa ne suke fara hucewa. Dutse yana tsukewa idan ya huce, amma ɓawon da ya daskare yana manne da sauran jikin malalar, ba shi da damar matsawa, don haka sai ya tsage. Haka laka take tsagewa a fadama idan ta bushe da rani, sai dai a laka rashin ruwa ne ke jawo tsukewar, a dutse kuwa raguwar zafi ce.

Tsagar tana farawa daga inda ya fi sanyi, tana nutsawa ciki kaɗan-kaɗan yayin da sanyin yake shiga. Kowane mataki yakan bar alama a jikin ginshiƙin kamar sawun kurfi. Da farko tsagogin ba su da tsari, amma da suna nutsawa sai su daidaita har uku-uku su riƙa haɗuwa a kusurwar da ta kusa digiri 120, wanda shi ne ke ba da gefe shida. Ana samun masu gefe huɗu, biyar, bakwai ko takwas a tsakaninsu.

Ginshiƙan suna miƙewa ne daga fuskar da zafi yake fita. Shi ya sa a shimfiɗaɗɗiyar malala suke tsaye, a narkakken dutsen da ya daskare cikin tsagar ƙasa mai tsayuwa kuwa suke kwance. Malalar da ta huce a hankali tana ba da ginshiƙai masu kauri da tsari, wadda ruwa ya shiga ya hanzarta hucewarta kuma tana ba da sirara masu lanƙwasa. Wani gwaji da masana na Jami'ar Liverpool suka buga a 2018, da basalt daga ƙasar Aisilan, ya nuna cewa tsagewar tana faruwa ne tsakanin digiri 840 da 890, bayan dutsen ya riga ya daskare a wajen digiri 980.

Jayayya da almajiran Werner

Hujjar Desmarest ba ta karɓu nan take ba. Abraham Gottlob Werner, wanda ya fara koyarwa a makarantar haƙar ma'adinai ta Freiberg a 1775, ya koyar da cewa basalt ya kwanta ne daga wata tsohuwar teku da ta rufe duniya, kuma gawayin ƙasa da ke ci da wuta ne ke haddasa aman wuta. Ɗalibansa sun yaɗa wannan ra'ayi a faɗin Turai. Desmarest bai cika shiga musun ba, yakan dai shawarci masu ja da shi su je Auvergne su gani.

Wasu sun je. Leopold von Buch, ɗaya daga cikin fitattun ɗaliban Werner, ya ziyarci yankin a 1802, Jean-François d'Aubuisson ya biyo baya. Dukansu sun yarda cewa basalt ɗin Auvergne daga aman wuta yake, kuma daga nan ra'ayin Werner kan basalt ya fara rushewa.

Akwai inda Desmarest ya kuskure. Ya ɗauka cewa basalt giranit ne da wutar aman ta narkar, alhali an gano daga baya cewa narkakken basalt yana fitowa ne daga can ƙarƙashin ɓawon ƙasa. Bai kuma goyi bayan James Hutton ba, wanda ya ba zafin cikin ƙasa babban matsayi wajen gina duwatsu.

Ƙarshen rayuwa

A zamanin juyin juya halin Faransa an tsare Desmarest na wani lokaci, an kuma kashe La Rochefoucauld a watan Satumba na 1792. Bayan ƙura ta lafa ya zama ɗan sabuwar cibiyar masana ta ƙasa da aka kafa a 1795. Ya ƙarar da sauran shekarunsa wajen rubuta sashen yanayin doron ƙasa na kundin Encyclopédie méthodique da kuma gyaran taswirarsa ta Auvergne. Ya rasu a Faris yana da shekara 90.

Ɗansa Anselme Gaëtan Desmarest (1784 zuwa 1838), masanin dabbobi, shi ne ya buga faɗaɗɗiyar taswirar a 1823. Jerin tsaunukan Chaîne des Puys, inda Desmarest ya fara bincikensa, ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2018, Giant's Causeway kuwa tun 1986.