Tarihin Galileo Galilei

An haifi Galileo Galilei a birnin Pisa na ƙasar Italiya a shekarar 1564. Mahaifinsa makaɗi ne. Ya so ɗansa ya zama likita, amma yaron ya fi son lissafi, har ya bar karatun likitanci.

A zamaninsa, malamai suna koyar da ra'ayin Aristotle, masanin ƙasar Girka, cewa abu mai nauyi yana riga marar nauyi isa ƙasa. Galileo bai yarda ba sai da ya gwada. Da yake faɗuwa tana da sauri, sai ya riƙa gangaro ƙwallon tagulla a kan katako, yana auna lokaci da ruwa mai tsiyaya. Ya gano cewa idan lokaci ya ninka sau 2, nisan da ƙwallon ya yi yana ninkawa sau 4. Ya kuma bayyana cewa iska ce take rage wa abu marar nauyi gudu.

A 1633 kotun coci a Roma ta yi masa ɗaurin talala a gidansa, saboda ya ce duniya ce take zagaya rana. Ya makance, ya mutu a 1642.

A 1971 ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka faɗi tare.

'Yan'uwana ɗalibai, ku saki babban dutse da ƙarami lokaci ɗaya. Gani ya kori ji.