Mary Adelaide Nutting (1858–1948): Farfesar Farko a Ilimin Jinya

An haifi Mary Adelaide Nutting a lardin Quebec na ƙasar Kanada a shekarar 1858. Sai da ta kai shekara talatin sannan ta shiga aikin jinya, inda ta kasance cikin rukunin farko na ɗaliban makarantar jinya ta Asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka a 1889. Ta kammala a 1891, kuma da shugabar makarantar, Isabel Hampton, ta ajiye aiki a 1894, ita aka damƙa wa ragamar.

A wancan zamani, ɗalibar jinya ɗaliba ce a suna kawai. Asibitoci kan buɗe makarantu domin samun hannayen aiki masu araha. Yarinya ta yini tsaye a kan majinyata, karatu kuwa sai abin da ya samu bayan gajiya. Wannan ne Nutting ta tunkara. Ta mayar da horon shekara uku maimakon biyu, ta rage aiki zuwa awa takwas a rana, ta kuma soke ɗan alawus ɗin da ake biyan ɗalibai. Matakin na ƙarshe yana da ɗaci, musamman ga 'ya'yan talakawa, ko da yake an tanadi tallafin karatu. Hujjarta ita ce, muddin asibiti na biyan ɗaliba, to ma'aikaciyarsa zai ɗauke ta. A 1901 ta ƙirƙiro kwas na share fage na wata shida, inda ake koyon ƙirar jikin ɗan Adam da ilimin magunguna kafin a taɓa majinyaci.

A 1907 ta koma Kwalejin Horon Malamai ta Jami'ar Columbia a New York, ta zama ma'aikaciyar jinya ta farko da ta hau kujerar farfesa. A nan ta horar da masu koyarwa da shugabannin sassan jinya har ta yi ritaya a 1925. Ta kuma rubuta tarihin jinya tare da Lavinia Dock.

Ba ta kafa sashen kulawa ta musamman da kanta ba. Amma a asibitin da ta gyara makarantarsa ne likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Walter Dandy ya ware gadaje uku a shekarun 1920 domin majinyatan da aka yi wa aiki, ƙarƙashin idon ma'aikatan jinya masu horo na musamman. Ta rasu a 1948 tana da shekara 89.