Johann Friedrich Böttger: Fursunan da Ya Gano Sirrin Tangaran a Turai

Duk mai tara tsofaffin tulunan tangaran na Jamus, kafin ya tambayi farashi sai ya juya gindin tulun, ya duba ko akwai tambarin takubba biyu shuɗɗa a gicciye. Wannan ita ce shaidar masana'antar Meissen, kuma tarihinta ya faro ne daga wani matashi da bakinsa ya jefa shi hannun sarakuna.

An haifi Johann Friedrich Böttger a garin Schleiz ranar 4 ga Fabrairu, 1682. Tun yana yaro aka kai shi Barlin koyon haɗa magunguna, amma hankalinsa ya karkata ga neman dabarar juya ƙarfe ya zama zinariya. A 1701 labari ya bazu cewa ya yi nasara. Baki shi ke yanka wuya: Sarkin Furusiya ya sa a nemo shi, shi kuwa ya tsere zuwa Wittenberg da ke ƙasar Sakson. A can ya faɗa hannun Agusta Mai Ƙarfi, mai mulkin Sakson kuma Sarkin Polan, wanda ya sa aka kai shi Dresden, aka tsare shi har sai ya samar da zinariyar da ake cewa ya iya yi.

Shekaru suka shuɗe ana kashe masa kuɗi, zinariya ba ta samu ba. A 1703 ya gudu, aka kamo shi. Abin da ya cece shi shi ne wata ƙishirwar sarkin ta daban. Agusta yana matuƙar son tangaran ɗin ƙasar Sin, wanda a lokacin babu wanda ya san sirrin yinsa a Turai. Son ya kai matuƙar da a 1717 ya ba Sarkin Furusiya sojojin doki 600 a madadin kayan tangaran 151. Saboda haka aka haɗa Böttger da masanin lissafi Ehrenfried Walther von Tschirnhaus, wanda ya daɗe yana gwajin narkar da ƙasa da zafi mai tsanani.

Da farko sun samar da wani jan kasko mai tauri. A watan Janairun 1708 kuma, bayan sun gauraya farin yumɓu da wani farin dutse suka gasa a tanderu, sai farin tangaran ya fito. Tschirnhaus ya rasu a watan Oktoba na wannan shekara, kuma Böttger ne ya kai wa sarki rahoton nasarar a Maris 1709. Shi ya sa har yau masana tarihi ke saɓani kan wanda ya fi cancantar yabo tsakanin su biyun.

A 1710 aka kafa masana'antar a fadar Albrechtsburg da ke Meissen, inda aka killace ma'aikata don kada sirrin ya fita. Böttger ya shugabance ta, amma bai sami 'yancin kansa ba sai a 1714. Hayaƙin tanderu da yawan shan giya sun riga sun cinye lafiyarsa. Ya mutu a Dresden ranar 13 ga Maris, 1719, yana ɗan shekara 37.

Bai ga kwalliyar da ta ɗaukaka sunan Meissen ba. A 1720 mai zane Johann Gregorius Höroldt ya iso daga Biyana, ya ƙirƙiro launuka masu jure wuta, ya kafa salon zanen hannu da masu tara tuluna ke rububinsa a yau. Tambarin takubban ma bayan mutuwar Böttger aka soma amfani da shi, don haka akasarin kayan da aka yi a zamaninsa ba sa ɗauke da shi. Mai neman su sai ya je gidajen tarihi irin na fadar Zwinger a Dresden, inda ake ajiye da taskar tangaran ɗin sarkin da ya tsare shi shekara goma sha uku.